Ku daina yi wa mai bes ƙarya a takarda saboda sifikar wayarku

1/
Jiya da daddare a guruf ɗinmu na masu rubuta kiɗa, wani yaro ɗan aji ɗaya ya ce ba ya jin bes in ya kunna abin da ya rubuta a MuseScore. Kafin in gama karanta saƙon, mutum huɗu sun ba shi amsa iri ɗaya: "Sa masa fff kawai, zai fito." Tun jiyan abin ke cina. Zare ne, kuma zai yi tsawo, ku yi haƙuri.

2/
Wannan shawara guba ce, kuma wanda ya sha ta ne yake gaya muku. Bara na yi daidai abin da suka ce yaron ya yi, wata baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba ita ta biya kuɗin. Zan zo kan labarin. Bari in fara da waɗanda ba 'yan harkar ba, don na san kuna nan kuna leƙe.

3/
MuseScore, Sibelius da Dorico manhajoji ne na rubuta kiɗa a kan layukan nan biyar masu ɗige-ɗige. Sun bambanta da FL Studio da 'yan situdiyo ke haɗa kiɗa da shi. A situdiyo, abin da ya fito daga sifika shi ne kayan sayarwa. A nan kuwa takardar ce kayan, don mutum ne zai ɗauka ya busa ko ya kaɗa. Sautin da kwamfuta ke kunna maka ɗanɗano ne kawai.

4/
A ƙarƙashin layukan ana sa wasu ƙananan haruffa da aka aro daga Italiyanci. p a hankali, mf matsakaicin ƙarfi, f da ƙarfi, ff da ƙarfi sosai, fff kuwa a saki duk abin da ke cikin huhu. Umarni ne ga mutum mai rai. Kwamfuta 'yar rakiya ce, tana bin su ne iya yadda aka koya mata.

5/
To ga labarin. Ina cikin ƙungiyar badujala ta makaranta. Aka ba ni in tsara wata waƙa don daren bankwana da 'yan ajin ƙarshe: kilarinet uku, tirampet biyu, saksafon, tuba ɗaya, jitar bes, ganguna, sai mawaƙiya. Karon farko ke nan da aka danƙa min aiki irin wannan. Kaina ya kumbura, ba ƙarya.

6/
Da tsakar dare nake aikin a hostal. Mutum biyar na barci a ɗakin, ba wuta, laftof na kan batir. Iyafis ɗina kunne ɗaya ya mutu tun zangon farko. Don haka da sifikar laftof nake saurare, murya can ƙasa-ƙasa kada a tashi a wanke ni.

7/
Komai na fita, ban da bes. Ina ganin layin shuɗin nan yana bi ta kan ɗige-ɗigen tuba, amma shiru kake ji. Na sa f. Shiru. Na sa ff, ya ɗan leƙo. Na ce yauwa, ga magani. Na bi shafi tara na zuba wa tuba da jitar bes ff, wasu wuraren har fff, sauran kowa yana mf. Na fitar da PDF na tura, na kwanta ina jin ni wani ne.

8/
Mai busa mana tuba dattijo ne, tsohon ɗan badujala da ya yi ritaya, yana zuwa taimaka mana don Allah. Baba muke ce masa. Mutum ne da in ka rubuta masa abu, shi zai busa, ba ragi ba ƙari. A haka ya ci abinci duk tsawon aikinsa.

9/
Ranar gwaji shugaba ya ɗaga hannu ya sauke. Jama'a! Gilasan tagogin ɗakin taron sai da suka amsa. Masu kilarinet ukun nan ina ganin yatsunsu na motsi, ban ji ko ɗaya ba. Mai jitar bes da ya ga Baba ya danne shi, shi ma ya murɗa amfilifaya. Sunan abin tuba, kuma wallahi a wurin na tuba.

10/
Mawaƙiyar ce abin tausayi. Ba ta jin kanta, sai ta dinga ƙara ƙarfi tana tsaga maƙogwaro. Sau huɗu aka maimaita, don shugaba ya ɗauka makirfo ne ke da matsala. Washegari muryarta ta dishe, saura kwana uku taro. Ba ta yi waƙa a daren ba. Ita ma 'yar ajin ƙarshe ce, shekara huɗu tana jiran wannan daren.

11/
Da aka tashi Baba ya kira ni gefe. Ya ce, "Ɗana, kai ka rubuta wannan?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ɗora yatsa a kan ff ɗin ya ce, "Da wa kake faɗa a nan?" Na ce ai a kwamfuta ne ba ya fita. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To kwamfutar ce za ta busa ranar Asabar?"

12/
Shi ya sa in na ga ana ba yaro wannan shawarar raina ke ɓaci. An bar jaki ana dukan taiki. Bes ɗinsa lafiya lau yake a takarda. Sifikarsa da kunnensa ne suka haɗa baki suka ɓoye masa shi.

13/
Mu fara da sifika. Sauti girgizar iska ne, kuma yawan girgizar a sakan ɗaya shi ake aunawa da Hz. Sautin A da ake saita kayan kiɗa da shi 440 ne. Tsirkiya mafi kauri ta jitar bes mai tsirkiya huɗu, wato E, 41 ce kacal. Tuba irin ta Baba tana sauka 58 ko gumi ba ta yi ba.

14/
Kafin ka fitar da girgiza 41 a sakan yadda za a ji ta, sai ka tura iska mai yawa. Shi ya sa sifikun DJ a gidan biki suke kamar akwatin lefe. Ta wayarka kuwa da kyar ta fi faɗin farce. Tun a 'yan ɗaruruwan Hz take fara sallama, 41 kuwa ko a mafarki. Laftof ya ɗan fi ta, amma duk kanwar ja ce.

15/
Duk wanda ya taɓa tsayawa a hawan salla ya san wannan ba tare da an koya masa ba. Kana wurin, tambari da manyan ganguna a ƙirji kake jin su. Ka dawo gida ka kunna bidiyon da ka ɗauka, sai algaita da hayaniyar mutane. Akwai wanda ya taɓa komawa ya ce wa makaɗin ya ƙara duka saboda bai fito a wayarsa ba?

16/
Wani zai ce, "To ai ina jin bes a waya in na kunna waƙa." E, kana jin 'ya'yansa. Duk sautin tsirkiya ko na busa yana tafe da ninkinsa: 41 na tafe da 82, da 123, da 165, haka har sama. Sifikar ta fitar da na can saman, ƙwaƙwalwarka ta cike gurbin uwar da ba ta zo ba.

17/
Layin tarho na da daga 300 zuwa 3400 Hz kawai yake ɗauka. Muryar namiji baligi kuwa gindinta yana tsakanin 85 da 180. Duk da haka in babanka ya kira ya ce "Kana ina?" ka san shi ne, kuma ka ji kaurin muryar har cikinka ya juya. Gindin bai iso ba, kai ka ƙirƙiro shi a kanka.

18/
'Yan situdiyo sun san wannan dabara, da gangan suke ƙara wa bes ninki don ya fito a waya. Sautin tuba da ke cikin manhajar rubutu ba wanda ya yi masa wannan kwalliyar. Kuma tuba in an busa ta a hankali sautinta zagayayye ne, ninkin sama kaɗan ne a ciki. Sai an matsa mata take yin kaifi, ninkin su yawaita.

19/
Kun ga dalilin da ff ya "yi aiki" a laftof ɗina ke nan. Ya sauya wa sautin hali, daga mai laushi zuwa mai tsawa, sai laftof ya samu abin da zai iya fitarwa. Ni a raina na ƙara murya ne kawai. A takarda kuwa na umarci dattijo ya yi mana tsawa har tsawon minti huɗu.

20/
Sai kunne. A 1933 wasu masana biyu a Bell Labs ta Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka auna yadda ɗan Adam ke jin ƙarfin sauti, suka tarar kunne ba ya adalci. Ya fi kaifi a tsakanin 2000 da 5000 Hz, in aka yi ƙasa kuwa sai ya fara kurumta. An sake aunawa daga baya, yau ma'aunin sunansa ISO 226.

21/
Ga lissafin. In sautin 1000 Hz yana kan desibel 40, wato ƙasa-ƙasa, sai ka ƙara wa na 50 Hz sama da desibel 35 kafin kunne ya ji su daidai. In kuwa aka kai 80, tazarar ta dawo ashirin da 'yan kai. Ku riƙe cewa ƙarin desibel 10 kunne kamar ninki biyu yake jin sa.

22/
Ma'ana, duk sanda ka rage murya, bes ne farkon ɓacewa. Duk sanda ka ƙara, shi ne yake dawowa da kansa. Ni na yi hukunci ƙarfe biyun dare da murya ƙasa-ƙasa. A ɗakin taro bes ya dawo da ƙafarsa, sannan ga ff ɗina a kai. Mai mura ne ya ɗanɗana miya ya ce ba gishiri, ya zuba, aka kai wa baƙi.

23/
Ɗakin ma yana da nasa laifin. Tsawon igiyar sautin 41 Hz ya haura mita takwas, ɗakin hostal kuwa in ya kai huɗu an gode. Sautin ya bugi bango ya dawo ya ci karo da kansa: a lungu ya taru, a wani wurin ya mutu. Kunna bes a sifika mai kyau ka tashi ka zaga ɗakin, za ka sha mamaki.

24/
Akwai kuma masu ciwon ta ɗaya ɓangaren. Suna aiki da iyafis ko 'yar sifikar bulutut da aka kumbura wa bes don ta burge mai saye. Sai su ji bes ya cika kunne, su rubuta masa pp. Ranar gwaji kiɗan ya fito kamar gini ba tushe. Cuta ɗaya ce.

25/
Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganin yana nan a cikin manhajar, kyauta, an ma ba shi madanni. A MuseScore danna F10, a Sibelius danna M. Mikisa zai buɗe, kowane kayan kiɗa da abin jansa. Ja na bes sama yadda kake so. Kunnenka ya samu abin da yake nema, takarda ko ɗigo ba ta canza ba, PDF ɗin Baba yana nan da mf ɗinsa.

26/
Mafi kyau ma, maimakon ka ja bes sama, ja sauran ƙasa, sannan ka ƙara muryar na'urarka gaba ɗaya. Sautin kwamfuta yana da rufi, wato sifili a ma'aunin nan mai kore da ja. In ka tura komai sama ya bugi rufin, sai ka ji yana tsagewa kamar rediyo mai mataccen batir, ka dawo kana zagin manhaja.

27/
Kafin duk wannan ma, duba abin da ka rubuta. Jitar bes da ƙaton gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a tsaye, sautinsu yana fita okteb ɗaya ƙasa da yadda aka rubuta, wato rabin girgiza. In ka kwafo hannun hagu na fiyano ka liƙa, ƙila ka jefa shi rijiyar da kayan ma ba ya kaiwa. In MuseScore ta yi wa ɗigon jan launi, gargaɗi take maka.

28/
Wani lokacin kuma cunkoso ne. Hannun hagu na fiyano, jita, saksafon, babbar ganga, duk ka tara su a ƙasa, ka kuma matse sautukan kusa da juna. Laka kawai za ka samu. A ƙasa ana ba sautuka tazara, a sama ake matse su. Goge rabin abin da ke kewaye da bes ɗin ka ji yadda zai fito da mf ɗinsa. Wannan gyaran shi kaɗai ne zai bi ka har ɗakin taro.

29/
Na san akwai dabarar ɓoye alama: ka sa ff, ka danna V, ya ɓace daga takarda amma kwamfuta ta ci gaba da bin sa. Na yarda ya fi a bar shi a fili. Amma ka binne wa wanda zai buɗe fayil ɗin bayanka tarko ne, kuma sau da yawa wanda zai buɗe ɗin kai ne, bayan wata shida, ka manta.

30/
Yanzu ga masu ilimi, don na san suna tafe. "Ai manyan marubuta ma suna ba kowane kayan kiɗa alamarsa daban." Gaskiya ne. Gustav Mahler ya yi suna a wannan. Amma mutumin nan shekara goma, 1897 zuwa 1907, yana jagorantar gidan opera na Biyana. A gaban makaɗa masu rai yake tsayawa, ya ji da kunnensa, ya koma ya gyara takarda.

31/
Shi ya bambanta alamomi saboda abin da ƙarfe da katako da huhu ke yi a cikin ɗaki. Kai kuma za ka bambanta saboda abin da sifika mai faɗin farce ta kasa yi. Don Allah kada a haɗa.

32/
Kuma wa ya ce muku tuba rarrauna ce? Rimsky-Korsakov na Rasha, wanda ya rasu a 1908, a littafinsa na tsara kiɗa ya ƙiyasta cewa in ana busa da ƙarfi, tuba ɗaya daidai take da tirampet ɗaya ko turambon ɗaya, kuma sai an haɗa hon biyu kafin a kamo ta. Wannan ce kuka ce a ba fff, a kan kilarinet da ke mf.

33/
Na biyu: "Ni ba wanda zai busa nawa, MP3 kawai nake so in sa a sitatus." To ai kai ka fi kowa bukatar mikisa, tunda aikin haɗa sauti kake yi. Kuma fayil yana da ƙafa. Yau kai kaɗai ne, gobe abokinka ya tura wa wata ƙungiya a wani gari, wani Baban ya karɓa ya busa abin da ya gani.

34/
Sautin da ka yi wa ƙaryar ma ba dawwama zai yi ba. A MuseScore 3, mf lamba 80 ce cikin 127, ff kuwa 112. Da MuseScore 4 ta fito a Disamban 2022 da Muse Sounds, tsofaffin fayiloli suka fara fita da wata murya daban. Finale kuwa, bayan shekara 35, kamfaninta ya daina ta a Agustan 2024. Sautin ya tafi, ff ɗin yana nan a takarda yana jiran mai huhu.

35/
Bari in taɓa manya kaɗan, da ladabi. Masu duba mana aiki da shugabannin ƙungiyoyi da za a tura wa tsari, su kunna a waya cikin hayaniya, su dawo da hukunci: "Bes ɗinka ba ya fita." Ranku ya daɗe, ku kuke koya wa yara wannan ƙaryar. Yaro yana son maki, zai sa fff. Ku buɗe takardar ku karanta, ai don haka aka rubuta ta.

36/
Ni dai yanzu ba na yarda da kunne ɗaya. Ina saurare da hedifon, da sifika babba da rana a murya mai ɗan ƙarfi, sannan da waya. Ina kunna wani kiɗan badujala na gaske da na sani a na'urar, in ji yadda bes ɗinsa ke fita a wurin, in gwada nawa da shi. In har a wayar tasu tubar ma ta ɓace, to na san ba ruwan takardata.

37/
Abin da ya fi duka kuwa, ina kai wa mai kayan shafinsa tun kafin gwaji. Minti biyar Baba zai duba ya ce, "Nan numfashi ba zai kai ba, nan kuma ka yi ƙasa da yawa." Ba manhajar da ta taɓa gaya min haka. Kwamfuta ba ta numfashi, za ta riƙe maka sauti ɗaya har gobe da safe ba ta yi ƙorafi ba.

38/
Mawaƙiyar ta yafe min, Allah ya saka mata. Tana hidimar ƙasa yanzu. Amma har yau a wayarta sunana "ff", kuma ban da bakin cewa ta canza.

39/
Yaron ya turo min fayil ɗin da safe. Bes ɗinsa a mf yake tun farko, daidai. Fiyano ne ya zauna masa a kai, kuma da sifikar waya yake saurare. Mun goge fff ɗin, mun rage fiyano a F10, na ara masa hedifon. Ya kira ni yana ihu wai ashe yana nan.

40/
Ranar Alhamis akwai gwaji ƙarfe huɗu, kuma na ajiye kwafin shafin tubar da fff ɗinku a jiki. Ku huɗun nan da kuka ba shi shawara, na tanadar muku kujeru a gaba, daidai bakin tubar Baba. Ya ce zai busa abin da aka rubuta.